Masu barkwancin Masar a intanet: me ya sa kowa ke ganin gidansu a ciki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, shekarata ta biyu ke nan. Duk motar da na shiga sai na ga mutum riƙe da waya yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. In na leƙa sai in ga wani saurayi ne ya ɗaura ɗankwali yana kwaikwayon uwarsa. Abokaina Misirawa suna turo mini irin waɗannan bidiyoyi, su har riƙe ciki suke yi, ni kuwa ina jin kalmomin amma dariyar ba ta zuwa. Me ke cikin abin nan ne? Kuma ni ma ina ɗan taɓa barkwanci da Hausa a TikTok. Akwai abin da zan ɗauka daga wajensu?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: dalilin da ya sa saurayi mai waya ɗaya da ɗankwalin aro yake tara mabiya miliyoyi a Masar, da kuma ko mai irin wannan sana'a da Hausa zai ƙaru da wani abu. Na zauna a garin da kake, na kuma daɗe ina koyar da Larabcin Masar ga masu shirin tafiya can karatu ko jinya, waɗannan bidiyoyi kuma suna cikin kayan aikina a aji. Abin da zan faɗa maka ya fito ne daga yawan kallo, da lura da inda ɗalibai suke dariya da inda suke yin tsit.

Ka fara kwantar da hankalinka, Larabcinka lafiya lau yake. Abin da ya rage maka shi ne tashi a cikin gidan Bamisire. Barkwancin nan an gina shi ne a kan abin da mai kallo ya riga ya sani tun yana rarrafe, mai bidiyon tunatarwa kawai yake yi.

Rumbun da suka gada

Misirawa sun daɗe suna sayar wa sauran Larabawa dariya. An buɗe Studio Misr a 1935, daga nan kuma kowane zamani da gwaninsa: Najib al-Rihani, Isma'il Yasin, Fu'ad al-Muhandis, har zuwa Adil Imam. Wasan dandamalin nan na Madrasat al-Mushaghibin, wanda aka fara a farkon shekarun 1970 da Adil Imam da Sa'id Salih da Yunus Shalabi da Ahmad Zaki, gidajen talabijin sun yi ta maimaita shi a kowace Sallah, har ya zamana kaka da jika duk sun haddace shi. Haka finafinan Muhammad Hinaidi da Muhammad Sa'ad daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000.

Wannan ya tara wa al'umma guda wani rumbu na jimloli da kowa ya sani. Su suna ce wa irin jimlar da ke fasa dariya "ifeh". Direba zai jefa wa kwandasta rabin ifeh, fasinja na baya ya ƙarasa masa. Da Facebook ya zo, sai samari suka fara yanko fuskar ɗan wasa daga tsohon fim, su rubuta a ƙasa abin da ya faru jiya a kasuwa. Suna kiran waɗannan hotuna "komiks", shafin Asa7be kuma, da ya taso a 2012, yana cikin waɗanda suka baza su ko'ina. Ka ga ashe lokacin da abokinka yake riƙe ciki, abu biyu ne ke ba shi dariya a tare: bidiyon da ke gabansa, da muryar wani ɗan wasa da ya ji a falon gidansu yana ɗan shekara bakwai. Kai na farkon kaɗai kake gani.

Ƙofar da ta buɗe, ta kuma rufe

A Maris 2011, 'yan makonni bayan saukar Husni Mubarak, wani likitan tiyatar zuciya mai suna Basim Yusuf ya fara ɗora gajerun bidiyoyi a YouTube daga gidansa, yana zolayar yadda talabijin ɗin Masar ta ba da labarin juyin juya halin. Kafin shekara ta ƙare ya samu shiri a talabijin, Al-Barnamig, wanda ya zama abin da gari ke jira duk daren Juma'a. Darasin da samari suka ɗauka daga wajensa ya wuce siyasa: ashe mutum zai iya tara jama'a daga ɗakinsa ba tare da ya yi layi a ƙofar furodusa ba.

Amma filin bai daɗe a buɗe ba. A Maris 2013, zamanin Muhammad Mursi, an ba da sammacin kama Basim bisa zargin cin mutuncin shugaban ƙasa da addini, aka sake shi a kan beli. Tashar CBC ta dakatar da shirin a Nuwamba 2013, ya koma MBC Masr, a Yuni 2014 kuma ya sanar da cewa ya daina. A farkon 2014 har Abla Fahita, 'yar tsana mai siffar bazawara mai kaifin baki, sai da masu gabatar da ƙara suka binciki wata tallar Vodafone da ta fito a ciki, saboda wani ya kai ƙorafin cewa akwai saƙon ta'addanci a ɓoye cikin maganganunta. A Mayu 2016 an kama samarin ƙungiyar Atfal al-Shawari, masu ɗaukar kansu da waya a titi suna waƙoƙin shaguɓe, suka yi watanni a tsare. Shadi Abu Zaid, wanda ya yi aiki a shirin Abla Fahita, an kama shi a Mayu 2018, bai fito ba sai Oktoba 2020. A 2018 ɗin dai aka kafa dokoki biyu da duk mai ɗora bidiyo a Masar ya san da zamansu: doka mai lamba 175 ta laifuffukan intanet, wadda sashenta na 25 ya tanadi ɗauri ga wanda ya keta "ƙa'idoji da ɗabi'un iyalin Masar", da doka mai lamba 180, wadda ta sa duk shafin da mabiyansa suka kai 5,000 a ƙarƙashin idon majalisar ƙoli mai kula da kafafen yaɗa labarai.

Ba ina nufin duk mai kwaikwayon uwarsa ɗan adawa ne da ya ɓuya a madafi ba. Barkwancin gida yana nan tun kafin 2011, da yawansu kuma siyasa ba ta taɓa damunsu ba. Abin da nake cewa shi ne, da aka toshe hanya ɗaya, masu basira da marubuta da masu talla duk suka kwarara zuwa ɗaya hanyar. Shi ya sa barkwancin zaman gida na Masar ya yi kaifin da ya yi: ƙwararrun da a wani yanayi za su riƙa rubuta gugar zana a kan minista, sai suka zuba gwanintarsu a kan uwa da uba da mai gadin bene.

Abin da suke gani a gida

Nan ne zan daɗe, don nan ne amsar take. Ɗauki uwar da ka gani da ɗankwali. Wanda bai iya ba, zai sa ta yi ta masifa kawai. Gwani kuwa ya san cewa in ɗa ya ce kansa na ciwo, za ta ce wayar nan ce. In ya ce ƙafarsa ce, wayar ce dai. Ya san silifas ɗinta da ba ya kuskure ko an sha kwana. Ya san gwangwanin biskit da in yaro ya buɗe da murna sai ya tarar da zare da allura. Ya kuma san "nish", wato kabad ɗin gilashi cike da kofuna da farantan da aka saya tun lokacin aurenta, waɗanda ba a taɓa shan ko ruwa a ciki ba, ana jiran wani babban baƙo da har yau bai iso ba. In ka tuna kwanukan jeren da iyayenmu mata ke gogewa su mayar ba tare da an taɓa zuba tuwo a ciki ba, to ka kama bakin zaren.

Uban kuma yana zagaya gida cikin singileti yana kashe fitilu, yana tambayar wa ke biyan kuɗin wuta. Akwai gidan da ke da ɗan aji ukun sakandare mai shirin jarrabawar Sanawiyya Amma: an kashe talabijin, an hana baƙi, albashin uba ya ƙare a kuɗin darasin bayan makaranta, dangi kuma sun shirya kiran waya ranar sakamako don jin maki nawa aka ci, ko ya isa likitanci ko injiniya. Akwai saurayin da ya je neman aure ya zauna gaban uban yarinya ana lissafa masa gida da zinaren shabka da "ƙa'ima", takardar da ango ke sa wa hannu cewa kayan ɗakin amarya amana ne a wuyansa. Akwai ƙaramar bas ɗin haya, wadda kai ma ka san ta: kuɗin mota yana tafiya hannu da hannu daga kujerar baya zuwa gaba, bawan Allah da tsautsayi ya zaunar a bayan direba ya zama ma'aji ba shiri, yana lissafin canjin mutum goma sha huɗu, kowa na cewa nasa bai cika ba. Akwai Madam Afaf, wadda ba wata mace ce takamaimai ba, suna ne da suka laƙaba wa ma'aikaciyar gwamnatin da za a tura ka wajenta a hawa na sama, ka same ta tana karin kumallo, ta ce ka dawo gobe da wani tambarin.

Duba jerin nan da kyau za ka ga kusan kowanne akwai kuɗi a ƙarƙashinsa. Kafin Nuwamba 2016 dala ɗaya ba ta kai fam 9 na Masar ba a farashin hukuma. Bayan Maris 2024 ta kai wajen fam 50. A Satumba 2023 hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin ɗari. A Yuni 2024 burodin tallafi, wanda ya yi shekaru aru-aru a kan ƙirshi 5 (ƙirshi ɗari ne fam ɗaya), ya koma ƙirshi 20. A bazarar 2023 da ta 2024 an yi ta ɗauke wuta bisa jadawali a tsakiyar zafi. Da cibiyar abinci mai gina jiki ta ƙasa ta ba mutane shawara a ƙarshen 2022 su koma cin ƙafar kaza, intanet ɗin Masar ta yi makonni ba ta da wata hira. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofis da iyayensa suka tashe shi a kan cewa shi ɗan rufin asiri ne, yau yana lissafin ƙwai. Faɗin haka a fili abin kunya ne gare shi. Amma in wani saurayi ya yi bidiyon uba yana raba kaza ɗaya ga mutum bakwai kamar mai rabon gado, sai ya tura wa ƙanwarsa ya rubuta "Baba ke nan". Ya faɗi damuwarsa, mutuncinsa kuma bai zube ba. A ganina wannan shi ne babban aikin da masu barkwancin nan suke yi wa jama'arsu, kuma ina girmama shi ƙwarai.

Wani jigon da za ka yi ta cin karo da shi shi ne raba ƙasar gida biyu: mutanen da ke kiran ƙasar da sunanta na Turanci, wato "Egypt", mazauna rukunin gidaje masu katanga a Tajammu al-Khamis da Shaikh Zayid, masu cusa Turanci a kowace jimla, da kuma mutanen "Masr", masu hawa tuktuk, wato adaidaita, a unguwannin Shubra da Imbaba. Hatta gaɓar tekun arewa sun raba ta: akwai Sahil "na kirki" inda iyali ke zuwa da tukunyar mahshi, wato kayan lambun da aka cusa wa shinkafa, akwai Sahil "mugu" inda kuɗin shiga bakin ruwa ya kai albashin wani. Mai barkwanci yakan tsaya a tsakiya ya kwaikwayi kowane ɓangare, kowa kuma ya ɗauka da ɗayan ake.

Ko wannan fili ma ba a rasa ƙaya ba. A 2022 an kama wasu mutum uku daga Asyut da ake kira Zurafa al-Ghalaba saboda wata waƙar barkwanci a kan tsadar kaya. A farkon 2023 an tsare wasu matasa saboda ɗan wasan da suka yi a kan ziyarar fursuna. Layin da ba a tsallakewa ba a zana shi a ƙasa ba, kowa da ƙiyasi yake tafiya.

Daga waya zuwa sana'a

Abin da ke ƙara wa samari ƙaimi shi ne sun ga waɗanda suka haye. Ahmad Amin ya yi suna da gajerun bidiyoyinsa na daƙiƙa talatin a Facebook a kan halayen mutane na yau da kullum, daga nan ya samu shirin Al-Plateau a talabijin, a 2020 kuma ya ja ragamar shirin Masar na farko da Netflix ta shirya. Ahmad al-Ghandur, wato Al-Dahih, ya fara a ɗakinsa a 2014 yana bayanin kimiyya da bakin 'yan unguwa, ya zama ɗaya daga cikin muryoyin da matasan Larabawa suka fi saurare. Kuɗin da YouTube ke biya a kan masu kallo daga Masar kaɗan ne in aka kwatanta da na ƙasashen Tekun Fasha, saboda haka abincin yana wajen kamfanonin talla, musamman a watan Ramadan, da kuma wajen masu kallo na Saudiyya da Imarat, waɗanda suka tashi da jin Larabcin Masar a finafinai. Sana'ar ta kai girman da a Satumba 2021 hukumar haraji ta nemi masu samun sama da fam 500,000 a shekara su yi rajista. Illar talla ita ce, da zarar uwar da ke cikin bidiyo ta fara yabon wani man girki, rabin gaskiyarta ya tafi, masu kallo kuma suna ganewa nan take.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba, tunda baƙar fata ne kai a garin. Wani sashe na barkwancin Masar har yau yana cin abinci da raina mutanen Sa'id, wato kudancin Masar, da mai ƙiba, da mai duhun fata. A Ramadan na 2019 wata 'yar wasa ta shafa baƙi a fuska ta fito a matsayin 'yar Sudan a wani shirin ɓoyayyar kyamara, 'yan Sudan suka yi ca, Misirawa da dama ma suka yi tir. In abokanka suka turo maka irin wannan, ba dole ba ne ka yi dariyar yaƙe. Ka gaya musu cikin mutunci cewa bai yi maka daɗi ba. Na ga da yawa sun karɓi gyara da aka yi musu haka.

Abin da za ka ɗauka

Kada ka ɗauki barkwancinsu ka juya shi zuwa Hausa. Samarin da suke kawo mini rubutunsu in duba, wanda ya kwafo nakan gane shi tun layi na biyu, don uwar da ke ciki ba ta yi kama da uwar kowa ba a Kano ko Maraɗi. Abin ɗauka shi ne yadda suke kallo. Ka riƙe ɗan littafi, ko ka buɗe wuri a wayarka, ka riƙa rubuta jimla kamar yadda ta fito daga bakin mai ita, ba yadda ka gyara ta ba. Me Hajiya take cewa daidai lokacin da aka ce kuɗin cefane bai isa ba? Da wace murya ɗan adaidaita yake cewa ba shi da canji? Wane irin shiru ake yi a zaure in an zo maganar lefe? "Iyaye mata suna da faɗa" ba abin dariya ba ne, kowa ya san haka. Jimla guda da mutum zai ji ya ce wallahi haka Innarmu take faɗa, ita ce jarin.

Akwai gwajin da nake yi a aji wanda zai yi maka amfani: nakan kashe sauti in sa ɗalibai su kalla. Bidiyon gwani, ko ba murya za ka san wace ce uwa, wane ne uba, wa ya yi laifi, daga yadda aka ɗaga gira ko aka ajiye kofin shayi. Ka yi wa naka haka. Sannan ka lura da yadda suke yanke bidiyo: ba sallama, ba gabatarwa, ana buɗewa rigima ta riga ta kankama, ana fasa dariya kuma an rufe. Yawancin namu sukan ƙara minti guda bayan dariyar ta wuce, wasu har da wa'azi a ƙarshe, sai abin ya yi sanyi.

Ka lura kuma da inda suke ajiye kansu. A bidiyon da ya fi shiga rai, mai yin sa shi ne ɗan da aka jefa da silifas, uwar kuma ko da ta yi faɗa, ana ganin ƙaunarta. Wannan ya fi muhimmanci a wajenmu, inda kunyar iyaye da surukai take da nauyi. Mai kallo Bahaushe zai yafe maka in ka nuna Baba yana ƙorafin kuɗin wuta, amma ba zai yafe ba in ka mayar da shi wawa.

Game da hukuma, kai baƙo ne mai takardar zama, ba ka da gatan ɗan ƙasa. Kada ka taɓa siyasar Masar ko da wasa, kada ka ɗaga waya kusa da 'yan sanda ko ginin gwamnati, kada ka ɗauki mutane a titi ba da izininsu ba. Gida ma ka san yadda take: a Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin, Ganduje.

Iyakar abin da zan iya ba ka ke nan, kuma ka riƙe shi a matsayin kallon baƙo wanda ya fi sanin Alƙahira a kan ƙauyukan Sa'id da na Delta. Ba ni da wani sirri da zai sa bidiyo ya bazu, na ga masu kyau sun kwanta, na ga na banza sun tashi. In kana son kunnenka ya buɗe, ka nemi abokinka ɗaya mai haƙuri, ku zauna ku kalli tsofaffin wasannin Adil Imam tare, ka riƙa tsayar da shi kana tambaya duk inda ya yi dariya. Batun naka bidiyon kuwa, kana zaune a kan abin da babu Bamisiren da zai iya yi: ɗalibin da ya sauka da Larabcin littafi yana yi wa mai sayar da ful, wato dafaffen wake, magana kamar limami a kan mumbari, ɗaki guda da mutum shida da tukunya ɗaya a unguwar Madinat Nasr, layin sabunta iƙama, da kiran waya daga gida ana tambaya ko an fara yi maka kallon shehi. Dubban Hausawa sun bi ta wannan hanya, iyayensu da ƙannensu kuma suna son ganin yadda take. Fara da mai ful ɗin.